Saulosi, Ƙaramin Kifi Mai Babban Abin Kallo

A cikin duk kifayen ado da ake zubawa a tankin gilashi, babu wanda ya sace mini zuciya irin saulosi, kuma duk mai niyyar musu da ni a kan wannan ya taho da guzurinsa, don za mu daɗe. Ana yabon kifin zinare, ana yabon gupi mai jela baza-baza, ni ma ban raina su ba. To amma su kyau kaɗai suka iya. Saulosi yana da kyau, yana da hali, yana da tarihi, sannan yana yin abin da in labari aka ba ka sai ka ce an ƙara gishiri. Uwar ta kwashe ƙwanta a baki, ta yi gum na kusan mako uku ba ta sa komai a cikinta ba, ranar da Allah ya nufa ta buɗe baki, sai ga 'ya'ya suna fitowa da iyonsu, kowanne da idonsa da jelarsa da launinsa. Duk wannan a falonka, abin da ya raba ku gilashi ne kawai.

Gidansu na asali Tafkin Malawi ne, wanda ya miƙe kusan kilomita 580 tsakanin Malawi da Mozambik da Tanzaniya, zurfinsa kuma ya kai mita 700 a wani wurin. Babu tafkin da ya kai shi yawan nau'in kifi a duniya. Ɗaruruwan nau'o'in sikilid, wato dangin kifin da saulosi ya fito daga ciki, ne a cikinsa, kusan dukkansu ba a samunsu a ko'ina sai nan, kuma kusan dukkansu a baki uwa ke rainon 'ya'ya. Saboda wannan arziki ne UNESCO ta sanya gandun kudancin tafkin cikin wuraren tarihi na duniya a 1984. Saulosi ɗan zuriyar da ake kira mbuna ne, mazauna duwatsu masu kankarar gansakuka da haƙora. Kaf faɗin tafkin nan, wuri ɗaya tal ya sani: wani tsibin duwatsu da ke ƙarƙashin ruwa mai suna Taiwanee, kusa da tsibirin Chizumulu. Ad Konings, masanin sikilid ɗan ƙasar Holan, shi ya bayyana shi ga masana a 1990, ya sa masa sunan Saulos Mwale, gwanin nutso ɗan Malawi. An daɗe ana kiransa Pseudotropheus saulosi, sai a 2016 aka mayar da shi Chindongo saulosi. Mu masu kiwo dai saulosi muke cewa mu huta.

Abin da ya fara jan ido shi ne launi. Macen ruwan ɗorawa ce mai sheƙi, tun daga baki har jela. Namijin shuɗi ne shar, an ratsa masa baƙaƙen zane a tsaye. Baƙo in ya shigo sai ya rantse iri biyu ka haɗa, alhali miji da matansa ne. Ga shi kuma ba ya wuce santimita 8 zuwa 9, don haka tankin da ba zai ishi manyan mbuna ba ya wadace shi. Kifi iri ɗaya ya ba ka launi biyu, ba tare da fargabar gauraya jini ba. Wace garaɓasa ta fi wannan?

Shirya musu gida bai da wuya in ka tuna inda suka fito. Nemi tanki mai tsawon santimita 120, mai cin lita 200 ko kusa da haka, domin tsawo suka fi buƙata a kan zurfi. Ka jera duwatsu masu yawa har su yi koguna da lunguna, amma ka fara dasa su a kan gindin tankin kafin ka zuba yashi. Waɗannan bayin Allah gwanayen tono ne, in dutse yana zaune a kan yashi za su rarake ƙarƙashinsa ya rufto. Ruwan Malawi mai ɗan kanwa-kanwa ne, don haka ma'aunin pH ya tsaya tsakanin 7.8 da 8.6. Dutsen farar ƙasa ko dakakken murjani a cikin matacin ruwa yana riƙe shi a nan. Ɗumi kuwa digiri 24 zuwa 27. Kada ka yi gaggawar zuba kifi a sabon tanki. Sai matacin ya yi mako huɗu zuwa shida yana aiki, ƙwayoyin bakteriya masu amfani sun zauna a cikinsa, su ne ke juya gubar amoniya da ke fita daga kashin kifi zuwa naitirait, daga nan zuwa naitiret mai sauƙin illa. Bayan haka kowane mako ka zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan ka zuba sabo, wanda ka kashe kulorin ɗinsa da maganin da ake ɗigawa.

Wajen saye, tunda ƙananan duk rawaya ne ba a gane mace da namiji, dabara ita ce ka ɗauki goma zuwa sha biyu ka raine su tare. In mazan sun bayyana sai ka rage su, ka bar ɗaya da mata huɗu ko biyar. Namijin saulosi ba ya gajiya da neman aure. In mace ɗaya ce a gabansa zai kore ta har ta galabaita, amma in suna da yawa sai fitinar ta rabu, kowacce ta samu sararin numfashi.

Ranar da za a yi auren, namijin ne zai fara tona asiri. Zai zaɓi gindin wani dutse ya yi ta kwasar yashi da baki yana tofarwa gefe har ya yi ɗan rami fes. Shuɗin jikinsa ya ƙara turuwa, zanen ya koma baƙi wuluk, duk wanda ya gifta ya sha kora. Da ya hango macen da cikinta ya cika, sai ya sha gabanta, ya karkace, ya baje fika-fikai, ya kama karkarwa tun daga kai har jela. Kai jama'a, wannan rawa! Sai ya juya ya nufi ramin yana kaɗa jela, yana waiwaye ko tana biye. Sau da yawa ta yi banza da shi ta wuce abinta, shi kuwa ko a jikinsa, ya sake dawowa. In ta amince, sai su shiga zagaye, kan wannan a jelar wancan. Ta saki ƙwai ɗaya ko biyu a yashi, nan take ta juyo ta tsince su da baki.

Nan ne hikimar Ubangiji take ƙara bayyana. A fiffiken ƙasa na namijin, wajen jela, akwai ɗige-ɗige masu launin ƙwai. Yakan shimfiɗa fiffiken a kan yashi, macen ta kai baki tana ƙoƙarin tsince ɗigon, shi kuma a daidai lokacin ya saki maniyyinsa, ta zuƙe shi ya haɗu da ƙwan da ke bakinta. Masanin ɗabi'ar dabbobi ɗan Jamus, Wolfgang Wickler, shi ya fito da wannan bayani a 1962. Haka za su yi ta zagaye har ta juye abin da ke cikinta. Daga nan ango ya gama nasa, ya koma sharar raminsa yana jiran wata. Sauran aiki duk na uwa ne.

Kuma aiki ne na gaske. Washegari za ka gan ta maƙogwaro ya sauko, haɓa ta cika, baki a rufe gam. In ka tsaya ka lura sai ka ga muƙamuƙinta yana motsi a hankali kamar tsohuwa mai taunar goro. Juya ƙwan take yi, tana ratsa su da sabon ruwa don su sha iska, kada su manne ko su yi fumfuna. Lokacin cin abinci shi ne ya fi taɓa ni. Ka barbaɗa abinci, tanki ya hargitse, kowa na wawaso. Ita ma sai ta fito daga lungunta, ta taso har kusa da wata ɓarɓashiya da ke saukowa, ta tsaya ta dube ta, sannan ta juya ta koma. Yunwa na cinta, abincin na gaban hancinta, amma ba za ta buɗe baki ba. Wallahi duk sanda na ga haka sai tsigar jikina ta tashi.

Cikin 'yan kwanaki ƙwan ke ƙyanƙyashewa a bakin, kowane ɗa na ɗauke da jakar gwaiduwarsa a ciki, ita yake sha har ta ƙare. A mako na biyu ƙasan haɓar uwar yakan yi duhu. Ka samo 'yar tocila ka haska daga gefe, a hankali kada ka firgita ta. Ta cikin siririyar fatar nan za ka hango ɗige-ɗige baƙaƙe masu ƙyalli, idanun 'ya'yan ke nan. Wani lokaci ta ɗan buɗe baki don gyara musu zama, sai ku haɗa ido da wani ɗan mitsitsi yana leƙen duniya daga tsakanin leɓɓan uwarsa. Gani ya kori ji. Na kira mutane da dama su ga wannan, manya masu furfura, ban ga wanda bai yi salati ba.

Sabuwar uwa takan haɗiye ƙwanta ko ta tofar da su bayan kwana biyu ko uku. Kada ranka ya ɓaci, koyo take yi, a karo na biyu ko na uku za ta riƙe har ƙarshe. Idan riƙon ya yi nisa, hanya uku ce a gabanka. Ta farko ka bar ta a babban tanki, ka tara ƙananan tsakuwa a wani lungu inda 'ya'yan za su shige manya ba su iya binsu ba. Kaɗan za su tsira, amma waɗanda suka tsira 'yan duniya ne. Ta biyu, bayan ta yi kamar mako biyu, ka ɗauke ta zuwa ƙaramin tanki mai cin lita 40, da ruwan babban tankin, da matacin soso wanda ya riga ya zauna, da ɗan dutse ko fasasshen tukunya don ɓuya. Ka kama ta da dare bayan an kashe fitila, lokacin jikinta ya mutu, domin in ka yi ta bin ta da raga tana iya amayar da su. Ta uku ita ce tatsa: a riƙe uwar da jiƙaƙƙen hannu, a buɗe bakinta a hankali cikin kwanon ruwa, 'ya'yan su zubo. In da sauran gwaiduwa a jikinsu sai a sa su a majuyi, wato ɗan bututu mai raga wanda kumfar iska ke motsa su a ciki a madadin bakin uwa.

Masu kiwo don sayarwa sun fi son tatsa, kuma suna da hujja, ba a cika asarar 'ya'ya ba, uwa kuma tana komawa cin abinci da wuri. Ni dai ina tare da hanya ta biyu, ba na ko ɓoyewa. Wanda ya tatse uwa ya samu kifi, amma ya rasa kallon da ya sa ake kiwon. Tsakanin kwana 18 zuwa 21 za ka ga ta fara kai-komo, tana leƙa kowane lungu. Sai ta sauka kusa da yashi, ta ja da baya kaɗan, ta furzar. Ga su nan, goma ko sha biyar, wani lokaci har ashirin, kowanne kusan santimita ɗaya, rawaya tsaf irin uwarsu. In inuwarka ta gifta, sai uwar ta karkata kai ƙasa, su taho a guje suna cusa kai cikin bakinta, na ƙarshe jelarsa na reto a waje tana ƙoƙarin shigar da shi. Tubarkalla! Wannan mayarwa ba ta daɗewa a wajen mbuna, don haka bayan kwana ɗaya ko biyu ka raba ta da su. Kada ka jefa ta wurin namiji kai tsaye. Ta rame, tana buƙatar kamar mako guda ita kaɗai tana ci tana murmurewa.

Rainon 'ya'yan saulosi daɗi ne da shi, domin da wayonsu suke fitowa. 'Ya'yan kifaye da yawa ƙanana ne ƙwarai har sai an nema musu abincin da ido ba ya gani. Waɗannan kuwa tun ranar farko suna cin abincin iyayensu in ka murtsuke shi ya zama gari, musamman mai gansakukar sifirulina. In kana son ka ga girma na ban mamaki, ƙyanƙyashe musu Artemia, ƙananan jatan landen ruwan gishiri da ake sayar da ƙwansu a busashe. Ka yanke gindin gorar roba ka kifa ta, ka zuba lita ɗaya na ruwa da gishiri giram 25 zuwa 30, ka barbaɗa ƙwan, ka sa tiyon iska yana motsa ruwan. Cikin awa 24 zuwa 36 sun fashe. Ka tace, ka ɗauraye, ka zuba. Nan da nan za ka ga farauta ta kankama, kowane ɗa na dirar wa nasa, kafin minti goma cikkunansu sun yi tulu-tulu, launin abincin na nunawa ta fata. Ka ba su kaɗan-kaɗan sau uku ko huɗu a rana. Ka bar gindin tankin ba yashi don ka riƙa zuƙe saura da siririn tiyo, ka duba bokitin kafin ka zubar, domin akwai mai karambanin da zai bi tiyon. Sauya ruwa kaɗan a kai a kai, mai ɗumi ɗaya da na tankin, shi ne sirrin saurin girmansu. In wasu sun tsere wa 'yan'uwansu sai ka ware su, don kada su danne ƙananan wajen ci.

Bayan 'yan watanni sai kallo na biyu ya fara. Wani daga cikin rawayan nan, in ya kai santimita huɗu ko biyar, sai ka ga gefen fiffiken bayansa ya yi baƙi, jikinsa ya yi dusu-dusu, ba rawaya ba shuɗi. A wannan mataki muni gare shi, ba zan yi ƙarya ba. Ka ba shi makonni, zanen zai fito, shuɗin ya wanke, ya zama ubansa sak. Abin dariya shi ne, namijin da ya ga akwai wanda ya fi shi ƙarfi yakan riƙe rigarsa ta rawaya ya saje cikin mata don ya tsira da lafiyarsa. Ranar da ka cire babban, kafin ka ankara ya fara rini.

Duk son da nake masa, sharhi ba ya cika sai an faɗi aibi. Saulosi mafaɗaci ne, ba a haɗa shi da kifin zinare ko gupi, zai yayyage su. Shukar ruwa ma ba ta kwana lafiya a gabansa. Hanjinsa dogo ne na mai cin ganye, in ka cika shi da nama ko jajayen tsutsotsi sai cutar kumburin ciki da ta addabi kifayen Malawi ta kama shi: ya daina ci, ya yi farin kashi mai zare, ciki ya kumbura. Kada kuma ka haɗa shi da masu kama da shi. Demasoni shuɗi ne mai zane, namijin saulosi zai ɗauke shi kishiya. Kenyi kuwa nasa a juye yake, namiji ne rawaya mace shuɗiya, ka ga rikici ya samu wurin zama. Bayan faɗa akwai haɗarin barbarar yanyawa, wadda ke lalata iri. Ga mai kiwo a ƙasarmu, babbar jarrabawa wuta ce da yanayi. In aka ɗauke wuta iska na ƙarewa a ruwa, don haka injin iska mai batir ko na sola wajibi ne. Zafin Afrilu yana haura da ruwa sama da digiri 30, sai ka ɗage murfi ka sa fanka ta riƙa bugun saman ruwan. Da hunturu kuma daren na sanyaya tanki, ƙaramar hita ta raba gardama.

Wanda ya saba da saulosi sai ya fara kallon danginsa da sabon ido. Karfasar da ake soyawa a bakin kasuwa ita ma sikilid ce, kuma ta kogin Nilu, wadda aka fi kiwo a gonakin kifi, haka take guntsar ƙwanta, ɗaruruwa a lokaci guda. Masu ƙyanƙyasarta ma daga bakin uwar suke karɓar ƙwai. Akwai wata karfasa mai baƙar haɓa a ruwayen gaɓar Legas wadda uban ne ke riƙo. A Tafkin Tanganyika, macen wani sikilid mai suna Eretmodus takan riƙe na wani lokaci sannan ta juye wa mijin a bakinsa ya ƙarasa. A can ne kuma ake da wani ɗan'uwan kurungu, Synodontis multipunctatus, ɗan damfara na ƙarshe. Yakan faɗo tsakiyar sikilid suna zagaye, ya zuba nasa ƙwan, uwar ta kwashe har da su cikin gaggawa. Nasa su riga fashewa, su cinye 'ya'yanta a cikin bakinta, ita kuwa tana ta azumi tana rainon ɓarayi. Masanin Japan Tetsu Sato ne ya tabbatar da wannan a 1986.

Akwai dalilin da ya sa nake ganin kiwon nan ya wuce nishaɗi. A Tafkin Biktoriya, bayan an zuba giwan ruwa a shekarun 1950, an yi ƙiyasin kusan nau'i 200 na sikilid sun ɓace. Shi kansa saulosi, kyansa ne ya ja masa. Masu kama kifin ado sun yi ta kwasa daga ɗan tsibin nan guda ɗaya har ƙungiyar kare halittu ta IUCN ta sa shi cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa, aka koma ana kiwonsa ana mayarwa Taiwanee. Yau ga shi yana hayayyafa a tankunan mutane a nahiyoyi daban-daban. Saboda haka ka sayi haihuwar tanki, ka tsare jininsa kada ya gauraya, kuma ko da sun yi maka yawa kada ka sake su a rafi ko dam, ka nemi mai so ka ba shi.

In maki ake bayarwa, ni na ba saulosi goma bisa goma, na kuma ƙara masa ɗaya na haƙurin uwar. Shawarata ga mai shirin farawa ita ce, ranar da za ka sayo tanki ka auna inda na biyu zai zauna, ka kuma fara lallashin mutanen gida tun da wuri. Mata biyar, kowacce na saukewa bayan 'yan makonni, lissafin ba ya ɓuya. Ka fara tambayar 'yan'uwa da maƙwabta wa ke son kifi, domin kafin shekara ta zagayo kai ne za ka riƙa bin mutane da leda cike da ruwa kana cewa su karɓa don Allah.